Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Irin Dawa a Ƙasar Zamfara da Matsalar Asali a Ilimin Gado

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe, ta shiga Gusau, ta wuce Bunguɗu a ƙarshen damina, zai ga dawa dama da hagu har iyakar ganinsa. Baƙo yakan ɗauka duk abu ɗaya ne. Manomi kuwa tun daga nesa yake rarrabewa: wannan kaura ce mai cikakkiyar zangarniya da manyan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, waccan farfara ce mai sakakken kai da farin tsaba, ga takanda da ake sha, ga karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Ya san wadda ke son jigawa da wadda ke son laka, ya san wadda ke jure yankewar ruwa da wadda ke faɗuwa in iska ta taso.

Masana ilimin gado sun daɗe suna neman sanin abin da ke ƙarƙashin wannan sani na manomi, wato wace ƙwayar gado ce ke sa wata dawa ta fid da kai da wuri, wace ce ke ba tsaba launinsa. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ita ce binciken alaƙa: a tara iri masu yawa, a auna halayensu a gona, a karanta alamomin da ke cikin sinadarin gadonsu na DNA, sannan a duba wace alama ce ke yawan tafiya tare da wane hali. Hanya ce mai sauri da araha, amma tana da tarko, kuma ƙwararru sun sha faɗawa cikinsa. Iri ba baƙin juna ba ne; zuri'a-zuri'a ne, kowace da tarihinta. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda dawar ƙasar Zamfara ta rarrabu zuwa zuri'o'i, da yadda masana suka gane cewa ba a yanke wa ƙwayar gado hukunci sai an san asalin mai ɗauke da ita.

Yadda zuri'ar dawa ta rarrabu

Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna cewa an fara mayar da dawa amfanin gona a gabashin ƙasar Sudan ta yau, wajejen Kassala, kimanin shekara 3,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gero kuwa ɗan yamma ne, domin an sami tsohuwar shaidarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, wadda ta kai kusan shekara 4,500. Daga waɗannan wurare hatsin biyu suka bi mutane, duk inda suka sauka kuma ƙasa da ruwa da hannun manomi suka sake musu kama.

Dabi'ar hatsin biyu ta bambanta ta wata fuska mai muhimmanci. Gero yakan karɓi bununin maƙwabcinsa da iska ta kwaso, saboda haka jininsa a cakuɗe yake. Dawa kuwa galibi kanta take yi wa barbara, don haka 'ya'yanta sukan ɗauko uwa kusan sak. Idan manomi ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri, ya maimaita haka shekara da shekaru, 'ya'yansa da jikokinsa suka ɗora, sai dawar gidansa ta zama zuri'a mai zaman kanta. Dubban alamomin gado su taru a cikinta su riƙa tafiya tare, masu aiki da marasa aiki.

A Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar binciken aikin gona a 1922, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka fara rubuta wannan rarrabuwa da tsari. Wani masani mai suna D. L. Curtis ya tattara dawar Nijeriya, a 1967 ya wallafa rabe-rabenta, ya kuma bar wa manyan rukunai biyu sunayen da manoma suka raɗa musu, kaura da farfara. A 1968 ya bayyana wani abin da ya fi wannan ban sha'awa: dawar kowane yanki takan fid da kai ne daidai lokacin da ruwan yankin ke shirin ɗaukewa, ko an shuka ta da wuri ko an makara. Tsawon yini take bi. Idan ta fid da kai ana tsakiyar marka, tsaba ya yi fumfuna. Idan ta makara, ƙasa ta bushe kafin ƙwaya ta cika. Saboda haka dawar kudu mai doguwar damina takan jinkirta, ta arewa kuma ta gaggauta.

A 1972 Jack Harlan da J. M. J. de Wet na Amurka suka kasa dawar duniya gida biyar, da wasu goma da ke tsakaninsu. A wannan ma'auni kaura ta faɗa cikin ruwa-biyu, tsakanin gidan durra da na kaudatum, farfara kuma ta karkata ga gidan gini na Afirka ta Yamma. Wannan na nufin dawa biyu da ke tsaye kunya da kunya a gona ɗaya a Bunguɗu, kakanninsu sun rabu tun da daɗewa, kuma ta hanyoyi daban-daban suka iso.

Mutane, hanyoyi da iri

Iri ba ya tafiya da ƙafarsa. Tarihin dawar wani wuri tarihin mutanen wurin ne, kuma ƙasar da ke tsakanin Tsafe da Bunguɗu mahaɗa ce tun fil azal. Sarautunta ma sun isa shaida. Sarkin Gusau, Sarkin Katsina ake ce masa. Na Bunguɗu, Sarkin Fulani. Na Tsafe kuma yana ɗauke da sunan 'Yandoto, tsohon garin malamai da ɗalibai ke zuwa daga nesa kafin yaƙin jihadi ya ci shi a farkon ƙarni na 19. A gindin dutsen Kwatarkwashi akwai zuri'ar manoma da suka daɗe a wurin. Tun a tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara, jama'a ke ta ƙaura suna sake matsuguni. Bayan jihadi Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, garin ya jawo manoma da makiyaya da fatake. Manomi in zai yi ƙaura yakan bar rumbu, amma da wuya ya bar iri.

Akwai shaidar wannan tafiya a cikin sunayen iri. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar akwai geron gargajiya da ake kira zamfarwa, sunan da ke nuni da inda manoma suka danganta shi. Masu binciken Nijar sun haɗa shi da wani geron mai suna cinin bijini, suka fitar da ingantaccen irin da ake kira Zatib. Iyakar da Turawa suka shata ba ta hana iri ƙetarawa ba.

Ƙarni na 20 ya zo da nasa sauye-sauyen. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta tilasta wa gidaje da yawa a ƙasar Hausa cinye irinsu, da ruwa ya sauka kuma suka shuka abin da suka samu a kasuwa ko a hannun dangi. A 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda. Auduga da gyaɗa suka riƙa fita, hatsin wasu yankuna kuma ya riƙa shigowa. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1984 ya gajarta damina, ya ba iri mai saurin nuna daraja. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Gusau da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Funtuwa da Gombe, aka kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara. Daga Samaru kuma aka fitar da gajeriyar kaura mai lamba SK 5912. Kaura ta ma ƙetare teku: a farkon shekarun 1950 masanin Amurka O. J. Webster ya ɗebi irinta daga Arewacin Nijeriya, launin tsabarta ya shiga cikin dawar da ake nomawa a can.

Sakamakon duk wannan shi ne, dawar da mai bincike zai tara yau a kasuwannin Tsafe da Gusau da Bunguɗu ba taron baƙi ba ce. Akwai 'yan uwa na jini, akwai dangi na nesa, akwai baƙin jiya, akwai barbarar yanyawa tsakanin irin gida da irin gwamnati. Wannan shi masana ke kira tsarin zuri'a.

Tarkon kamanni

A ƙaddara mai bincike ya tara iri 200 daga waɗannan kasuwanni, rabi kaura, rabi farfara. Ya shuka su a gona ɗaya, ya ga kaurar da ya tara ta riga farfarar fid da kai. Sai ya karanta alamomin gado 100,000 a jikin kowane iri, ya tambayi kwamfuta wace alama ce ke tafiya da saurin fid da kai. Kwamfuta za ta ba shi dubbai. Duk alamar da ta yawaita a kaura ta yi ƙaranci a farfara za ta fito tamkar ita ce sanadi, alhali mafi yawansu ba ruwansu da lokacin huda. Laifinsu kawai sun fito daga gida ɗaya da mai aikin. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Misalin ya fi fitowa fili idan aka ɗauko shi daga mutane. Da wani zai auna jinin jama'a a kasuwar Gusau yana neman ƙwayar gadon iya tatsar saniya, da ya sami alamomi da dama, domin duk alamar da ta fi yawa a tsakanin makiyaya za ta amsa kira. Amma tatsa koyo ake yi a ruga, ba a jini take ba. Abin da ya gano asali ne, ya ɗauka hali ne.

Likitoci ne suka fara ƙonewa da wannan wuta. A 1988 William Knowler da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan kusan mutum 5,000 daga ƙabilun Pima da Papago na Amurka. Sun ga wata alamar jini da masu ɗauke da ita ba su cika kamuwa da ciwon sukari ba, kamar dai kariya ce. Da suka kasa mutanen gwargwadon yawan jinin Turawa da ke jikinsu, sai alaƙar ta ɓace. Alamar ta Turawa ce, su kuwa Turawa ciwon bai yawaita a cikinsu kamar a cikin Pima ba. A 1994 Eric Lander da Nicholas Schork suka ja kunnen masana da misalin da ya shahara, cewa a birnin San Faransisko ana iya “gano” ƙwayar gadon cin abinci da tsinke, saboda kawai wata alama ta fi yawa a jikin 'yan asalin gabashin Asiya.

A tsirrai matsalar ta fi tsanani, domin manomi da yanayi sun daɗe suna ware zuri'a daga zuri'a, kuma halayen da ake nema, irin su lokacin huda da tsayin kara, su ne ainihin abin da ya raba zuri'o'in. Kuskure a nan ba na takarda kaɗai ba ne. Mai inganta iri da ya dogara da alamar ƙarya zai ɓata damina bakwai ko takwas yana zaɓen abin da ba shi da amfani, a ƙarshe ya miƙa wa manomi irin da zai fid da kai a lokacin da bai dace ba.

Neman magani

Daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce aka shiga neman mafita. A 1999 Bernie Devlin da Kathryn Roeder suka kawo shawarar a auna yawan kumburin da tsarin zuri'a ya jawo wa sakamako gaba ɗaya, sannan a rage shi daga kowace alama. A 2000 Jonathan Pritchard da Matthew Stephens da Peter Donnelly suka fito da manhajar Structure, wadda ke duba alamomin gado ta kasa samfura gida-gida, ta kuma faɗi kashi nawa na jinin kowane ɗaya ya fito daga wane gida. Da wannan sai a kwatanta kaura da kaura, farfara da farfara, maimakon a gwama su.

A 2001 Jeffry Thornsberry da Edward Buckler da abokan aikinsu suka gwada wannan dabara a kan masara iri 92, suka ba da rahoton cewa wata ƙwayar gado mai suna Dwarf8 tana da hannu a lokacin fitar bununi. Aikin ya zama abin koyi ga masu binciken tsirrai. Sai dai rarraba gida-gida bai isa ba, domin a cikin gida ɗaya ma akwai shaƙiƙai, akwai 'yan uba, akwai taubasai. A 2006 Jianming Yu da Buckler da sauransu suka haɗa abu biyu a lissafi guda: gidan da iri ya fito, da kuma kusancin kowane iri da kowane ɗan uwansa. A shekarar ce kuma Alkes Price da abokan aikinsa suka nuna yadda za a taƙaita dubban alamomi zuwa 'yan ma'aunai kaɗan masu nuna asali. Waɗannan hanyoyi biyu su ne ginshiƙin aikin har yau.

Abin da ya biyo baya darasi ne na gaskiyar ilimi. A 2013 Sara Larsson da Alexander Lipka da shi Buckler ɗin suka sake duba batun Dwarf8 da sababbin hanyoyi da samfura masu yawa, suka bayyana cewa mafi yawan alaƙar da aka gani a 2001 aikin tsarin zuri'a ne. Alamar ta yawaita ne a masarar arewacin Amurka mai saurin nuna. Wanda ya kafa hujja shi ya dawo ya rage mata ƙarfi da hannunsa.

Sai dai maganin ma yana da nasa illa. Idan ƙwayar gadon da ke aikin gaskiya ta kasance a cikin kaura duka, babu ita a farfara ko ɗaya, to lissafin da ke share bambancin gida zai share ta tare da na ƙarya. Garin wanke ƙazanta sai a zubar da tsaba. Wannan ya sa masana suka koma ga tsohuwar dabarar barbara: a haɗa zuri'a biyu da gangan, a bar jikoki su cakuɗa gadon kakanni, yadda alamar da ke rakiya kawai za ta rabu da mai aikin. A 2009 aka bayyana irin wannan gagarumin aiki a masara, inda aka haɗa iri 25 da uwa ɗaya aka sami layuka kusan 5,000, daga baya aka yi makamancinsa a dawa.

Komowar ilimin gida

Ba a daɗe ba waɗannan hanyoyi suka iso ga hatsin ƙasar Hausa, kuma 'ya'yan yankin na cikin waɗanda suka kawo su. A 2009 Abdoul-Aziz Saïdou, ɗan Nijar, tare da Yves Vigouroux na Faransa da sauransu, suka yi binciken alaƙa a kan gero bayan sun cire tasirin zuri'a, suka gano cewa ƙwayar gado mai suna PHYC, wadda ke taimaka wa tsiro gane haske, tana da alaƙa da lokacin huda. Ba su tsaya nan ba, sai da suka sake gwada sakamakon a kan wasu samfura dabam. A 2011 aka kwatanta geron da aka tara a ƙauyuka 79 na Nijar a 1976 da wanda aka sake tarawa a ƙauyukan a 2003. Sunayen iri ba su sauya sosai ba, amma geron 2003 ya fi saurin huda, kuma nau'in PHYC mai gaggawa ya ƙaru daga kusan kashi 10 cikin 100 zuwa kusan 18. Manoma da fari sun yi zaɓe a cikin irin gida, ba tare da an sauya masa suna ba.

A ɓangaren dawa, an kammala karanta jerin gadonta a 2009. A 2013 Geoffrey Morris da abokan aikinsa suka duba iri 971 daga sassan duniya da alamomi kimanin 265,000, suka tabbatar cewa zuri'ar dawa tana bin abu biyu, siffar zangarniya da yankin da aka noma ta. Ashe rabon da manomi ya yi da ido, wanda Curtis ya rubuta a Samaru, yana da tushe a cikin jini. A 2018 Marcus Olatoye, ɗan Nijeriya, da Fanna Maina, 'yar Nijar, tare da Morris, suka nazarci dawar Nijeriya sama da iri 600, suka nuna yadda gadonta ke sauyawa daga kudu mai ruwa zuwa arewa mai ƙarancinsa. A nan matsalar da aka ambata ta fito sarai, domin ruwan sama da zuri'a hanya ɗaya suke bi, raba aikin ɗaya daga na ɗaya kuwa sai da taka-tsantsan.

Irin waɗannan bincike sun yiwu ne saboda wani ya taɓa tsayawa a ƙauye ya karɓi zangarniya, ya rubuta sunanta da sunan garin da shekarar. Ba don rubutun 1976 ba, da ba a san abin da ya sauya a 2003 ba. Kwamfuta tana iya cewa iri kaza gida uku ne, amma ba ta san dalili ba. Dattijon da zai ce wannan kaura kakansa ya zo da ita daga Katsina, waccan kuwa a shekarar fari aka sayo ta a Funtuwa, shi ke riƙe da rabin amsar.

Kammalawa

Wannan rabin amsar ne ke cikin haɗari a yau. Fiye da shekara goma ke nan rashin tsaro yana tayar da ƙauyuka a ƙananan hukumomin Tsafe da Bunguɗu da Gusau. An ƙone rumbuna, an bar gonaki sun zama saura, iyalai sun koma gefen gari. Asarar rayuka ita ce babba, babu abin da za a haɗa da ita. Amma a bayanta akwai wata asarar da ba a lissafawa. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa zaɓen zangarniya, in ya sami komawa kuma abin da ke kasuwa zai shuka. Dawar da ta yi shekaru aru-aru tana daidaita hudarta da ruwan wani kwari takan ɓace a damina biyu, tarihinta kuma ya bi dattijon da ya san shi.

Akwai wuraren ajiyar iri a Samaru, da cibiyar adana albarkatun gado ta ƙasa da ke Ibadan, da cibiyar ICRISAT mai rassa a Kano da Sadore ta Nijar. Gusau kuma tana da jami'ar tarayya tun 2013. Aikin da ke gaban ɗaliban wannan yanki, na kimiyya da na tarihi da na harshe baki ɗaya, shi ne su isa ga manoman da ke zaune a garuruwan gudun hijira, su karɓi ɗan abin da ya tsira na iri, su rubuta sunansa, da garin da ya fito, da irin ƙasar da yake so, da hannun da ya bi kafin ya iso. Mai binciken da zai zo nan gaba da na'urar karanta gado zai buƙaci wannan rubutu kafin ya iya bambance ƙwayar da ke aiki da wadda ke rakiya, manomin da zai koma gonarsa kuma zai buƙaci irin da ya san ruwan garinsu.